Tramol da ciwon hirgita: rauni marar jini



Wanda aka kashe ɗan'uwansa gaban idonsa, ko ya tsira daga harin da ya ci garinsu, sau da yawa yakan hita ba ko ƙwarzane, amma hankalinsa ya tsaya can. In dare ya yi, mahwarki ya maido mashi da abin; ƙarar babur ta sa gabansa faɗuwa; barci ya ƙaurace mashi wata da watanni. Wannan shi ne ciwon hirgita, wanda likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa cikin kundinsu a 1980, bayan yaƙin Biyetnam.

Magungunan kashe zahi dangin morfin, da tramol cikinsu, suna kwantar da tsoro kamar yadda suke kwantar da ciwon jiki. Nan tarkon yake. In ƙwaya ta saki mutum, sai bugun zuciya da zuhwa da rashin barci su komo, watau alamomin ciwon da ya gudu ma. Sai ya ƙara sha, jiki ya saba, ɗaya ta koma biyu. Wani bincike na 2012 kan tsofaffin sojojin Amurka na Iraƙi da Afganistan masu ciwon jiki ya nuna kusan 18 cikin 100 na masu ciwon hirgita an rubuta masu irin waɗannan magunguna, alhali ga marasa ciwon ƙwaƙwalwa 6,5 ne kawai.

Zancen bai tsaya Amurka ba. A Fabrairun 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa, dubban iyalai suka bar gidajensu. Wanda ya hito daga irin wannan bala'i, kahin ya ga likitan ƙwaƙwalwa ya ga mai tebur. Likita ba ya wuce miligiram 400 na tramol a yini, amma ƙwaya guda ta kasuwa takan kai 225.

Don haka ɗan kasuwa ya san abin da yake miƙa ma matashi. Ma'aikacin gwamnati kuma ya tuna cewa duwan da jandarma ƙwaya suke kamawa, ciwon yana nan. In likita ya karɓi mashayi, ya tambaye shi abin da ya gani, a yi jinyar hirgita da ta shaye-shaye tare, domin wanda aka raba da ƙwaya aka bar shi da mahwarkinsa, tebur zai koma.

Allah ya ba marasa lahiya sauƙi. Wassalam.