Mu Mayar da Ɗakin Shirgi Ɗakin Zane da Aikin Hannu



Maganar da muka zo da ita ta shafi ɗan ɗakin nan na bayan gida, wanda kusan kowannenmu ke da shi a birni, inda aka jibge tsofaffin katifu, karyayyun kujeru da tayoyin mota. Roƙonmu shi ne a kwashe shirgin, a ba yara ɗakin su mayar da shi wurin zane da aikin hannu.

Mu da muka shiga kwalejin horon malamai a zamanin shirin UPE na 1976, ba a sallami ɗayanmu ba sai da ya iya zana taswira a allo, ya kuma haɗa kayan koyarwa da kara da yumɓu. Yau jikokinmu sun ƙware wajen latsa waya, amma da yawansu ba su iya fiƙe fensir ba. Laifin ba nasu ba ne. A gidan birni, yaro na taɓa bango da gawayi sai tsawa, alhali a garinmu ya tashi yana kallon mai zayyanar allo, maɗinkin hula da mai sassaƙar ƙwarya suna aiki a zaure. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, a gida ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya, kafin ta shiga cibiyar da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954.

Gyaran ba ya cin kuɗi sosai, amma yana son lura. Abu na farko shi ne haske. A buɗe taga ta fuskanci arewa ko kudu, domin tagar gabas da ta yamma rana ke shigowa kai tsaye, ta kashe ido, ta kuma koɗar da launi. A shafe bango da farar ƙasa. In rufin kwano ne, lallai a sa silin, ko da na tabarma ne. In ba haka ba, a watan Afrilu babu yaron da zai zauna ciki. Takardu da allunan katako a ɗora su kan kanta, nesa da ƙasa, saboda gara da danshin damina. Ƙurar hunturu kuwa tana manne wa ɗanyen fenti, don haka taga na bukatar labule ko raga.

A nan za mu ja kunne. Da yawanmu a wannan ɗaki muke ajiye janareta. Hayaƙinsa na ɗauke da gubar da ba ta da wari, tana kuma kashe mutum a rufaffen wuri. Kada a haɗa shi da yara a ɗaki ɗaya, ko kusa da taga. Haka nan kananzir da sauran ruwan wanke buroshi, a rufe su, a ɗaga su sama.

Kayan aiki ba sai na kanti ba. Tawada daga gawayi da ƙaro ake yin ta, alƙalami daga kara, ga jar ƙasa, ga baba na marina. Masu ɗari-ɗari da zana abu mai rai, ga zayyana, ga dagi, ga adon bango irin na tsofaffin gidajen Zariya da Kano. Waɗannan kaɗai sun ishi yaro aikin shekaru.

Muna ba ƙungiya shawara ta ware teburi ɗaya a taron baɗi, kowane reshe ya kawo abin da yaransa suka yi a irin wannan ɗaki, a kuma gayyato tsofaffin masu zayyana na garinmu su zama alƙalai.