Jawabi Ga Masu Lambu a Ikko Kan Cututtukan Seleri



Seleri ganye ne mai kuɗi, amma ɗan ƙasar sanyi ne, shi ya sa ya fi yin kyau a Jos. Wanda ya saba da lambun rani a Kano ko Zariya, inda iska ke busar da ganye nan da nan, lalle ne ya san cewa Ikko daban take. A nan danshi ba ya ƙarewa, musamman a watan Yuni da Yuli, kuma jiƙaƙƙen ganye shi ne gidan cuta.

Cuta ta fari ita ce ɗige-ɗigen ganye. Tana somawa daga tsofaffin ganyaye na ƙasa, tabon ya yi rawaya, daga bisani ya koma ruwan ƙasa. In an ga baƙaƙen ɗigo ƙanana cikin tabon, to, irin wadda ke zuwa cikin iri ce. Maganinta tun kafin shuka: a jiƙa iri cikin ruwa mai zafin digiri 48 har minti 30, a shanya shi a inuwa. Ban ruwa kuwa a yi shi da safe, a gindi, kada a kwarara bisa ganye da maraice. Kada kuma a shiga fangali raɓa ba ta bushe ba, domin hannu da tufafi suna yaɗa cutar.

Ta biyu ita ce baƙar zuciya, watau tohon tsakiya ya yi baƙi ya ruɓe. Wannan ba ƙwaro ba ne. Ƙarancin sinadarin kalsiyam ne, wanda ke aukuwa idan ƙasa ta bushe ƙayau sa'an nan aka cika ta da ruwa, ko aka zuba takin zamani fiye da kima.

Har wa yau, idan shuka ta tsumbure, saiwarta ta yi ƙululu, tsutsar ƙasa ce. A tumɓuke ta a ƙone, a hutar da wurin daga seleri da karas shekara 2 ko 3.

Daga ƙarshe, wanda ya yi feshi ya jira kwanakin da aka rubuta a jikin maganin kafin ya kai kaya kasuwar Mile 12, gama mutane da yawa ɗanye suke cin ganyen nan. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah ya ba da amfani mai albarka, amin.