Gandun Dajin Chad Basin Da Abincin 'Ya'yanmu

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya, Potiskum



Muna godiya ga shugabanni da suka ba mu wannan dama, mu da muke ɓangaren fatake, mu ce wani abu a gaban manya. Mu dai ba 'yan boko ba ne, karatunmu na allo ne da Islamiyya, sauran kuma hanya ce ta koya mana. To amma wanda ya shekara talatin yana bin hanyar Jakusko zuwa Gashuwa da Nguru, yana ɗauko kaya yana saukewa, ba zai rasa abin faɗa ba. Abin da aka ce mu yi magana a kai shi ne gandun dajin nan na Gwamnatin Tarayya da ke arewa da mu, da irin abincin da ke cikinsa, da wanda babu.

Dalilin maganar kuwa shi ne, a 'yan watannin nan iyaye da yawa sun same mu a rumfa suna tambaya, wai ko akwai hanyar da za a sama wa yaro aikin gandun daji. Wasu kuma suna ganin gandun bai da wani amfani illa hana talaka itace da kiwo. Duka biyun akwai gyara a ciki.

Mene ne wannan gandu?

A shekarar 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Yobe, gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 36, wadda ta mai da wasu dazuzzuka mallakar Tarayya. Cikinsu akwai wanda ake kira Chad Basin, mai faɗin kilomita murabba'i 2,258, hedkwatarsa tana Maiduguri. Ba dunƙule yake wuri ɗaya ba, kashi uku ne. Na farko Chingurmi-Duguma, can Jihar Borno, bakin iyakar Kamaru, maƙwabcin gandun Waza. Na biyu fadamun Bade da Nguru, inda tafkin Dagona yake da dajin Gogaram. Na uku Bulatura a ƙasar Yusufari, wurin tuddan rairayi da kwaruruka masu ruwa da goruba. Kun ga ke nan biyu daga cikin ukun a jiharmu suke.

Abin da ya fito da sunan Dagona a duniya tsuntsaye ne. In sanyi ya kama ƙasashen Turai, agwagin ruwa da wasu ire-iren tsuntsaye sukan ƙetaro Sahara su sauka a nan, su tarar da namu na gida, su kirinjijiya da dinya da zalɓe, su yi watanni sannan su koma. Saboda su ne Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona a 1989. A 2008 kuma aka sa tafkin cikin jerin fadamun da duniya ta yarda a kiyaye. Mu da muke wucewa da lodin buhuna, da yawanmu ba mu taɓa ratsewa mun gani ba.

Aikin albashi kaɗan ne

To jama'a, bari mu faɗi gaskiya tun da wuri, kada iyaye su sa rai inda ba ruwa. Aikin albashi a gandun daji kaɗan ne. Akwai masu gadin daji da ke sintiri, akwai direbobi, akwai 'yan ofis, akwai masu kula da masauki. Aikin Tarayya ne, ba kullum ake ɗauka ba, in an tashi ɗauka kuma da takardar makaranta ake nema, da takardar asalin ƙaramar hukuma. Kowa a nan ya san yadda wannan takarda ta biyu take ba 'ya'yanmu wahala. Yaro an haife shi a Potiskum, ubansa ma a nan aka haife shi, amma ranar neman aiki sai a tambaye shi garin kakansa; ya je Kano ko Katsina, can ma a ce ba a san shi ba. Ba muna faɗa don tsokanar kowa ba. Bolawa da Ngizimawa da Karekare sun karɓi iyayenmu hannu biyu, mun yi auratayya, masallacinmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya. Magana ce da ya kamata dattawanmu su ci gaba da bi ta hanyar sarakuna cikin ladabi, kamar yadda suka saba.

Sai maganar baƙi masu yawon buɗe ido. A nan ne gandun daji yake kawo kuɗi a wasu wurare. Wanda ya je Yankari a Jihar Bauchi ya ga misali: an buɗe ta ga jama'a tun 1962, ta zama ta Tarayya a 1991, aka mayar wa jiha a 2006. Saboda giwaye da ruwan ɗumin Wikki, mai abinci ya samu, mai mota ya samu, mai sayar da tsaraba ya samu. A Nijar kuma, garin Kure kusa da Yamai, raƙuman dawa da suka rage kimanin 50 a 1996 sun haura 600, samarin ƙauye suka zama 'yan rakiyar baƙi. Amma a watan Agusta na 2020 'yan bindiga suka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a wurin, ƙafar baƙi ta ɗauke. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan tun daga 2009, ba sai an ba mu labari ba. Harin da aka kai kasuwar shanunmu a watan Mayu na 2012 yana nan a zukatanmu. Baƙo ba ya zuwa inda yake tsoro. Saboda haka duk wanda ya gina lissafin cinikinsa a kan zuwan Turawa kallon tsuntsu, ya gina a kan rairayi.

Inda ainihin abincin yake

Ainihin abincin yana cikin fadamar da ke kewaye da gandun, kuma mun daɗe muna ci ba mu lura ba. Kogin Haɗeja da na Jama'are su ne suke malala a wannan yanki kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe. In ruwa ya malala da damina, manomi ya shuka shinkafa. In ya janye, a shuka wake da sauran kayan rani a danshin da ya bari, a yi lambun barkono da albasa da tumatir. Masunci ya kama tarwaɗa da karfasa ya yi banda. Bafillace ya sauko da shanunsa da rani ya sami ciyawa da ruwa. Mata su yanko kaba su saƙa tabarma da faifai da igiya. Can wajen Yusufari kuma a haƙo kanwa.

Yanzu ku dubi kasuwarmu. Shanun da suke cika kara ranar Laraba, waɗanda ake lodawa a tirela zuwa Kudu, da yawansu a wannan fadama suka ci rani. In babu ita, da ramammu za su iso, ko ma ba za su iso ba. Dillali, da ɗan kamasho, da mai igiya, da direba, da yaron mota, da mai tuwo a bakin tasha, duk suna da rabo a ciyawar da ba su taɓa gani ba. Haka mai kwalin kifi, haka mai shinkafa, haka mai buhun kanwa. In aka lissafa mutanen Potiskum da ke ci daga wannan fadama, sun ninka ma'aikatan gandun sau da yawa. Ko ba haka ba?

To wannan arziki yana raguwa, kuma ruwa ba ya tsami banza. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Chalawa a 1992, duka a Jihar Kano. Tun daga nan ambaliyar da ke shayar da fadama ta ragu, ruwan da ake saki kuma ya zama yana gudana rani da damina. Wannan ya ba ciyawar kachala dama ta toshe magudanai. Wani gari ruwa ya kwanta a gonakinsa shekara da shekaru, wani gari kuma ko ɗigo ba ya kai masa. Cikin kachalar nan jan-baki yake ɓuya ya fito ya cinye gero da shinkafa. Masana da suka yi lissafi a farkon shekarun 1990 sun nuna cewa ruwan da aka bari ya malala fadama ya fi kawo amfani bisa ga irinsa da aka tare don noman rani a sama, in an haɗa kifi da kiwo da itace da noma. Mu da danginmu suke noma a Kura da Kadawa, ba za mu ce a rushe madatsa ba. Roƙonmu a riƙa sakin ruwa da lissafi, a tuna da na ƙasa.

Namu laifin

Kada mu tsaya ga laifin wasu. Akwai namu, shi ne itace da gawayi. Kwanakin baya wani ɗan'uwanmu, ba za mu kama suna ba, ya sayi lodin itace a hannun wasu masu sara bai tambayi inda aka saro ba. A hanya ma'aikatan daji suka tare motar, ashe ɗanye ne daga wurin da aka hana. Kwana huɗu dattawa suna kai da kawowa. Ya biya tara, ya biya mai mota kuɗin kwana, jarin da ya tara shekara biyu ya tafi. Masu saran kuwa ko ƙeyarsu ba a gani ba. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. In mai saye ya daina saye, mai gatari zai ajiye. Kuma ku tuna, in aka kama ɗayanmu, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi Hausawa ne ke cinye daji. Wanda yake zaune a garin da ya karɓe shi, sunansa shi ne jarinsa na farko.

Wasu suna cewa keɓe daji al'adar Turawa ce. Malamanmu suna nan, su gyara mana in mun yi kuskure: a Musulunci akwai abin da ake kira hima. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya keɓe makiyaya don dabbobin baitulmali, ya naɗa mai tsaro, ya umarce shi ya sassauta wa mutane, ya bar mai 'yan raƙuma da 'yan tumaki kaɗan ya shiga, amma ya tsare garken manyan attajirai, domin su in dabbobinsu sun halaka suna da gonakin da za su koma wa, talaka kuwa ba shi da komai. Darasi biyu ke nan. Keɓewa halal ce, mu kiyaye. Hukuma kuma ta ji tausayin mai ƙaramin ƙarfi, ta sa shi cikin rabo. A ƙasar Ruwanda, kashi 10 cikin 100 na kuɗin da gandayen daji suke samu ana mayar wa ƙauyukan da ke kewaye, a gina aji da asibiti. Mutumin da ya ga amfanin daji a ƙofar gidansa, shi zai zama mai gadinsa ba da albashi ba.

Shawarwarinmu

Na ɗaya, duk ɗan ƙungiya mai cinikin itace ko gawayi ko fatar dabba ya san asalin kayansa, ya riƙe takardar izini. Wanda ya ƙi, kada ya zo neman dattawa su je belinsa.

Na biyu, mu tura yara karatun da ya dace da ƙasar nan. Tun 2013 akwai Jami'ar Tarayya a Gashuwa, ba nisa. Yaron da ya karanta aikin gona, ko kiwon kifi, ko lafiyar dabbobi, ko ilmin daji, in aikin gwamnati bai samu ba, ga rumfar ubansa tana jiran mai ilmi.

Na uku, mu ƙara wa kaya daraja kafin su bar hannunmu. Shinkafa a sheme ta a nan, a zuba a buhu mai kyau. Kifi a gyara bandarsa ba tare da zuba masa maganin ƙwari ba, domin wannan cutar da mai ci ne, kuma cin amana ne. Tabarma da faifan matan ƙauye a biya su farashin kirki, kada mu matse su don mun ga ba su da wani mai saye. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai ɗauki samari biyar ko goma da ke zaune a bakin titi.

Na huɗu, masu hali su haɗa jari a dasa itatuwa, musamman ƙaro da darbejiya, a gonakin da suka gaji. Wanda ya dasa nasa, ba ya gudun ma'aikacin daji.

Na biyar, muna roƙon shugabanni su shirya mana ziyara zuwa Dagona da sanyin bana, lokacin da tsuntsaye suke nan, a tafi da ɗaliban Islamiyyarmu. A fara gaida Mai Bade da masu gari, a nemi izinin hukumar gandun. Mu fatake mun ɗauki nauyin mota ɗaya da man ta. Gani ya kori ji.

Iyayenmu sun zo garin nan da jaki da ƙunshin goro, suka bar mana rumfuna da mutunci. Abin da muke tsoro shi ne mu bar wa namu 'ya'yan rumfuna babu kayan sawa a ciki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka muna neman kowa ya sa nasa.

Abin da muka faɗa daidai, Allah Ya ba mu ladan baki ɗaya. Inda muka yi kuskure, muna neman afuwar manya. Allah Ya zaunar da garinmu da jiharmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa wa kasuwa albarka, Ya shirya mana zuriya.