Tsohon Da Magana Ta Ɗauke Masa: Aikin Da Ke Kanmu A Gida

(Jawabi ga dattawa da 'yan ikkilisiya a Karare)

  Maganarmu ta yau a kan tsofaffinmu ne waɗanda ciwo ya taɓa wa harshe, da abin da za mu iya yi musu a cikin gidajenmu.

Kusan kowa a nan ya san gidan da abin ya faru. Tsoho ya kwanta lafiya, gari ya waye baki ya karkace, hannun dama ya ƙi ɗaguwa, ya buɗe baki zai kira matarsa, sunan ya ƙi fitowa. Bayan 'yan makonni sai a daina yi masa magana. Mai gaisuwa ya shigo ya tambayi ɗansa, "Yaya jikin Baba?" alhali Baba yana zaune yana ji. A yanke shawarar gona da ta auren jikarsa a gabansa kamar ba ya wurin. 'Yan'uwa, wannan ne muke roƙo mu daina, domin a yawancin lokaci hankalinsa yana nan, kalmomi ne suka ɓace masa.

Babban abin da ke kawo wannan shi ne shanyewar ɓarin jiki, wato jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa. A wurin yawancin mutane, sashen da ke sarrafa magana yana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, ɓangaren hagu kuwa shi ke riƙe da gefen dama na jiki. Shi ya sa wanda hannun damansa ya shanye ya fi rasa magana. Tun a 1861 wani likita a Faransa, Paul Broca, ya bayyana wannan a kan wani majinyaci da ya yi shekaru ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya tak, amma yana gane abin da ake faɗa masa. Kusan mutum 1 cikin 3 na waɗanda ciwon ya kama suna samun irin wannan matsala. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda ya fito a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba wajen jawo ciwon. Saboda haka mu riƙa auna jini, mu rage gishiri da magi, wanda aka ɗora a kan magani kuma kada ya bari don ya ji sauƙi.

Ranar da aka ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta rikice, a nufi asibiti nan take. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo ko kunu, domin yana iya shaƙewa. Mun san halin da Batsari da Safana suka shiga saboda 'yan bindigar dajin Rugu, musamman daga 2019, mun kuma san yadda fita da dare take da wuya. Duk da haka, gara a shirya tun ana lafiya: wa ke da mota ko babur, wa za a kira. Daga babban asibitin Batsari ko na Dutsin-Ma ana iya tura mutum Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

Akwai ƙwararru da aikinsu shi ne koya wa majinyaci magana da haɗiya, amma ba su da yawa a ƙasar nan, kuma a manyan birane suke. Idan an je babban asibiti, irin na Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, a tambaya ko akwai wanda zai duba maganarsa, kuma wanda zai yi jinya a gida ya tsaya ya koyi darussan. An fi samun sauƙi da sauri a watanni 3 zuwa 6 na farko, amma ana ci gaba da samu har bayan shekaru. Ƙwararre zai gan shi jefi-jefi, mu ne muke tare da shi kullum. Ga abin da ya kamata mu yi:

Na ɗaya, a zauna a gabansa yana ganin fuska, a kashe rediyo, mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda. A taƙaita zance, ba ihu, ba kuma muryar da ake yi wa yaro. Idan ana zaton kunne ne ya yi nauyi, a kai shi a duba.

Na biyu, a yi tambayar da amsarta "i" ce ko "a'a". Maimakon "Me za ka ci?" a ce, "Baba, kunu za ka sha?" A ba shi lokaci. Kada a yi gaggawar ƙarasa masa magana.

Na uku, a yi darasi kullum, ko da na minti 15 ne, da kayan da ya saba da su: fartanya, hula, buta, ƙwarya. A nuna, a faɗi farkon kalmar, a bar shi ya cika. A ƙirga tare, a jera kwanakin mako, a kira sunayen jikoki. Idan ya gaji a tsaya.

Na huɗu, a yi waƙa da shi. Mutane da yawa da magana ta gagara suna iya rera waƙar da suka haddace tun ƙuruciya. A 1973 wasu masana a Boston ta Amurka suka gina hanyar jinya a kan wannan, suna sa gajerun jimloli a cikin kari tare da buga hannun hagu. Waƙoƙin sujada da tsofaffinmu suka sani a ka, da gaisuwar yau da kullum, sun isa a fara da su.

Na biyar, abinci. Idan yana tari yayin ci, ko murya ta zama kamar mai ruwa a maƙogwaro, haɗiya ta sami matsala, abinci kuma yana iya bi ta hanyar huhu ya kawo ciwon huhu. A zaunar da shi sosai, kada a ba shi a kwance. A ba shi kaɗan-kaɗan da ƙaramin cokali, abu mai laushi irin kunu mai kauri ko tuwon da aka dama da miya. Ya zauna rabin sa'a bayan ci, a kuma wanke masa baki. Zazzaɓi da wahalar numfashi alama ce ta komawa asibiti.

Dattawa, ku ma akwai naku. Baƙin ciki mai nauyi yana kama da yawa daga cikin waɗannan majinyata, kaɗaici kuma yana ƙara shi. Matar da ke jinya ita ma tana gajiya. Muna roƙon zumuntar mata da matasa su raba kwanaki, kowane gida mai irin wannan majinyaci ya sami mai zuwa ya zauna da shi, mai jinya ta ɗan huta. Idan za a yi shawarar iyali ko ta ikkilisiya, a tambaye shi, a jira amsarsa, ko da ta gyaɗa kai ce. Shi ya koya mana magana muna ƙanana, bai ƙosa da mu ba. Yau bashin yana kanmu.

 Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinya ƙarfi da haƙuri. Amin.