Yarima Luitpold na Bavariya: Sojan da Ya Yi Riƙon Ƙwarya Shekara 26



Tambayarmu ta yau ita ce: idan aka ba mutum riƙon ƙwarya, ta yaya za mu gane amana ya riƙe ko ƙwace ya yi? Za mu auna ta da tarihin Yarima Luitpold na Bavariya, wata masarauta da aka yi a kudancin Jamus.

An haife shi a 1821. Da yake yana da yayye maza biyu, ba a sa masa ran sarauta ba, sai ya shiga soja. A yaƙin 1866, sa'ad da Bavariya ta goyi bayan Ostiriya a kan Purushiya, ya ja runduna, aka ci su a Helmstadt. A 1869 ya zama babban sufeton sojan ƙasarsa. A 1870 kuwa shi ya miƙa wa Sarkin Purushiya, abokin gabansu na jiya, wasiƙar da ta nemi ya zama sarkin sarakunan Jamus.

A 1886 ministoci suka sa likitoci suka ce Sarki Ludwig na Biyu, ɗan wan Luitpold, ya haukace, alhali ba su duba shi ba. Ran 10 ga Yuni Luitpold ya zama muƙaddashi. Bayan kwana uku aka tsinci gawar sarkin a tafkin Starnberg. Magajinsa Otto shi ma ba shi da lafiyar hankali, saboda haka riƙo ya zarce, jama'a kuwa suka yi ta zargin Luitpold.

Amma har ya rasu a 1912 bai yarda an naɗa shi sarki ba. Ya bar wa ministoci aikinsu. A zamaninsa aka buɗe wa mata jami'o'in Bavariya a 1903, aka ba jama'a damar zaɓen wakilansu kai tsaye a 1906. Ɗansa kuwa bai yi wannan haƙuri ba: a 1913 aka gyara tsarin mulki ya hau gado Otto yana raye, a 1918 aka tumɓuke shi.

Ra'ayinmu shi ne, Luitpold ya riƙe amana, amma kyan zamansa bai wanke ƙofar da ya shiga ta cikinta ba. Wajibi ne mu riƙa yi wa kowane mai riƙo tambaya biyu: yaya ya shiga, kuma ya san kujerar ba tasa ba ce?