Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Haɗa Sabuwar Manhaja Da Tsohon Rumbun Bayanai



Ina godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba ni wannan dama. Batun da zan yi magana a kai yana jiran da yawa daga cikinmu a wurin aiki. Ma'aikata ko makaranta tana da tsohon rumbun bayanai mai ɗauke da sunayen mutanenta da kalmominsu na sirri, sai a kira matashi a ce masa ya gina sabuwar manhaja ta intanet wadda waɗannan mutane za su riƙa shiga. To, ina zai sa sunayen?

Abin da ya fi sauƙi shi ne ya buɗe sabuwar rajista, ya ce kowa ya sake rubuta sunansa. Wannan kuwa shi ne abin da na zo in ja kunnenmu a kai. Duk wanda ya taɓa zama a ofis ya san wahalar fayil biyu na mutum ɗaya: an gyara wannan, an manta da wancan. Ma'aikaci ya yi ritaya, an soke sunansa a tsohuwar rajista, amma ga shi yana shiga ta sabuwa yana karanta takardun da ba su shafe shi ba. Saboda haka ra'ayina shi ne rajista ta zama ɗaya. Sabuwar manhaja baƙuwa ce, ita ya kamata ta bi al'adar gidan da ta tarar.

Don kada magana ta tsaya a iska, zan yi misali da Django, watau tsarin gina manhajojin intanet da harshen Python, wanda Adrian Holovaty da Simon Willison suka fara a wani gidan jarida na garin Lawrence a jihar Kansas ta Amurka, aka sake shi ga jama'a a 2005. Django yana zuwa da nasa jadawalin masu amfani, amma tun daga fitowa ta 1.5 a 2013 ya yarda mai gini ya kawo nasa.

Mataki na farko shi ne a kwafi rumbun, a yi duk gwaji a kan kwafin. Sannan a shaida wa Django inda rumbun yake, a ba shi umurnin inspectdb, wanda zai leƙa jadawalan da ke ciki ya rubuto siffarsu. A kan kowane jadawali zai sa alamar managed = False, ma'ana ba shi da ikon ƙirƙira ko rushe wannan jadawali. Ina roƙonku ku bar wannan alama yadda take, domin ita ce katangar da ke tsakanin baƙuwar manhaja da kayan mutane.

Mataki na biyu shi ne a ɗauki jadawalin sunayen a ɗora shi a kan AbstractBaseUser, a nuna gurbin da mutum zai riƙa shiga da shi, ko lambar ma'aikaci ce ko adireshin imel, da sharaɗin kada mutum biyu su yi tarayya a kansa. Daga nan sai a rubuta sunan wannan jadawali a AUTH_USER_MODEL. Lalle ne a yi wannan tun ranar farko, kafin Django ya ƙirƙiri sauran jadawalansa, domin da yawansu suna jingina da jadawalin masu amfani, sauya shi daga baya kuwa tamkar sauya harsashi ne bayan an yi rufi.

Yanzu na zo kan kalmar sirri, inda amana ta fi nauyi. Ma'aji na gari ba ya ajiye kalmar yadda mai ita ya rubuta. Niƙa ta yake yi da wani lissafi, ya ajiye garin. Idan mutum ya zo shiga sai a niƙa abin da ya rubuta, a gwada gari da gari. Ba a mayar da gari ya koma tsaba, shi ya sa ko ma'ajin kansa bai san kalmar ba. Matsalar ita ce tsofaffin rumbuna da yawa sun yi niƙansu da MD5, wanda Ronald Rivest ya ƙirƙira a 1991, ko da SHA-1. Waɗannan suna da sauri ƙwarai, don haka ɓarawon da ya saci garin zai iya ta niƙa kalmomi bila adadin har ya dace. A 2012 aka baza niƙaƙƙun kalmomin sirri wajen miliyan 6.5 na masu amfani da LinkedIn, waɗanda aka niƙa da SHA-1 ba tare da gishiri ba, watau 'yan haruffan da ake haɗa wa kowace kalma don garin kowa ya bambanta. A 2016 ta bayyana cewa asusun da abin ya shafa sun haura miliyan 100.

Django kuwa tun 2012 yake amfani da PBKDF2, mai maimaita niƙa sau dubbai da gangan don ɓarawo ya gaji. Ba sai an tilasta wa kowa sauya kalmarsa ba. Ana iya koya wa Django tsohon salon niƙan, duk ranar da mutum ya shiga daidai sai ya sake niƙa kalmarsa da sabon salo. Waɗanda ba su cika shiga ba kuma, ana iya ɗaukar tsohon garinsu a sake niƙa shi da PBKDF2 gaba ɗaya, don kada a bar su a baya.

Amma akwai ramuka biyu a nan. Na ɗaya, garin MD5 haruffa 32 ne, sau da yawa kuma daidai nan aka yanka faɗin gurbinsa, alhali na PBKDF2 ya haura haruffa 80. Idan ba a faɗaɗa gurbin ba, ko dai rumbun ya ƙi karɓa, ko kuma a wani saitin ya datse wutsiyar ya ajiye sauran. Mutum ya shiga yau lafiya, gobe ƙofa ta rufe masa. Na biyu, idan tsohuwar manhaja tana nan tana aiki da wannan gurbi, ba za ta gane sabon garin ba. Dole ke nan a zauna da mai kula da tsohon rumbun a yanke shawarar wace manhaja ce ke da ikon rubutu a wannan gurbi. Wannan zama da dattijon da ya riƙe rumbun shekara da shekaru ya fi kowane umurni da na ambata muhimmanci, domin shi ya san dalilin kowane gurbi.

Daɗin daɗawa, a Nijeriya batun ya wuce ladabi kawai, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane alhakin tsare su.

'Yan'uwa, a bayan kowane layi na wannan jadawali akwai mutum: ɗalibi mai neman sakamakonsa, ko magatakarda mai jiran albashi. Wanda aka ba mabuɗin rumbun an ba shi amanarsu ne, ko da ba su san sunansa ba. Allah ya ba mu ikon riƙe ta.