Maƙerar Garinmu da Wuƙar Layya

(Wannan shi ne jawabin da kwamitin ƙungiya ya yi a taron ƙofar gidan maigari. Mun buga shi domin ƴan'uwa da ke nesa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.)

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Maigari, Allah ya ja zamaninka. Liman, Allah gafarta malam. Iyayenmu dattawa, Allah ya ƙara girma. Ƴan'uwa da suka taso daga Yamai da Maraɗi da Damagaram, da na Legas da Kwatano da Abijan, sannunku da hanya, Allah ya huce gajiya.

Maganar da ta tara mu yau, maganar wuƙa ce. Mun san wani zai ce a ransa: ga rijiya na jiran gyara, ga ɗakin lakwal na yoyo, sai wuƙa za a tara dattawa a kanta? To, ku yi haƙuri ku ji mu har ƙarshe.

Layyar bara, bayan an sauko daga idi, wani abu ya faru a wani gida na garin nan. Ba za mu faɗi gidan ba, don abin zai iya samun kowannenmu. Ɗan gidan ya aiko da kuɗi daga waje, an sayi rago na ji da gani. Ya kuma aiko da sabuwar wuƙa fara tas, cikin leda, tana walƙiya. Aka kayar da rago, maigida ya yi bismilla ya ɗora wuƙa, wuƙa ta ƙi ci. Ya ja, ya sake ja. Sai da yaro ya ruga gidan maƙwabta ya aro tsohuwar baƙar wuƙa, dabba na nan tana shure-shure. Dattawan da ke wurin sai kau da kai suka yi. Alhali kuwa malamanmu sun sha gaya mana, addini ya hore mu da mu wasa wuƙa kafin yanka don a hutar da dabba, kada kuma a wasa ta a kan idonta.

Da muka bi diddigi, sai muka iske ba gida ɗaya ba ne. Ranar jajibere mutane sun yi layi a maƙera tun da hantsi. Baba Sarkin Maƙera shi kaɗai ne, ba mai yi masa zuga, ba mai riƙe masa awartaki. Ya yi iya ƙoƙarinsa har rana ta faɗi, sauran suka koma gida da wuƙaƙensu dakusassu.

Iyayenmu, kun fi mu sanin gidan nan na maƙera. Kakanninsu tama suke haƙowa su narkar su fitar da ƙarfe, kamar yadda maƙeran Adar suka yi suna a kai. Da motoci suka yawaita, ƙarfen tsofaffin motoci ya samu, sai aka bar narkar da tama. Amma ƙira ba ta tsaya ba. Hauya da lauje da gatari, askar wanzami da barhon mahauci, duk daga rumfar nan suke fitowa. Yau ɗiyan gidan sun watse. Wani yana kabu-kabu a Maraɗi, wani ya tafi haƙar zinariya a arewa. Ba mu da bakin zarginsu, don mu ma barin gida muka yi.

Saboda haka kwamiti ya je ya zauna kwana uku a maƙera, muna kallo muna tambaya. Ga abin da muka gani, don ku san irin dukiyar da ke hannun tsohon nan.

Na farko shi ne zaɓen ƙarfe. Ba kowane ƙarfe ke yin wuƙa ba. Ƙarfen gangar mai da farantin jikin mota suna da taushi, ko an ba su ruwa ba su ɗaukar tauri, wuƙarsu yau ta yi kaifi gobe ta lanƙwashe. Wanda Baba ke nema shi ne sifirin mota, faffaɗan ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin babbar mota bisa ƙafafunta. Aska kuwa, da tsohon magagari da haƙoransa suka cinye yake yin ta. Kafin ya sa ƙarfe a wuta sai ya rataya shi ya ƙwanƙwasa ya ji amonsa, don mai tsaga a ɓoye amonsa a mace yake.

Na biyu gawayi. Maƙeri na gawayin ƙirya yake so, don yana da nauyi, yana daɗewa, yana ba da zafi sosai. Dattawa suna tune da lokacin da ƙirya ke bayan gari. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun kashe itatuwa da yawa, gatarinmu ya ƙarasa saura. Yau sai an yi tafiya mai nisa ko a saya da tsada. Gawayin da mata ke shan shayi ko guga da shi, kafin ƙarfe ya yi ja ya zama toka.

Na uku ƙira kanta. Yana yanko ƙarfe gwargwadon wuƙar da ake so, ya tura cikin garwashi, mai zuga-zugi ya yi ta bugawa. In ƙarfe ya yi ja ya soma komawa ruwan ɗorawa, sai ya ciro da awartaki ya ɗora bisa uwar maƙera. Babban bugu na masaba ne, shi ya sa ake bukatar saurayi mai ƙarfi. Gyara kuwa da ƙaramar guduma yake yi. Yana fara jan wutsiyar da za ta shiga ƙota, sannan ya fitar da tsini, sannan ya rage kaurin gefen baki yana barin baya da kauri. Duk bugun da ya yi wa wannan gefe sai ya juya ya yi wa wancan, in ba haka ba wuƙa ta karkace. Hausawa sun ce da zafi-zafi ake bugun ƙarfe, a maƙera muka ga dalili: in ja ya gushe aka ci gaba da bugu, sifiri tsagewa yake. In kuma mai zuga ya yi garaje har ƙarfe ya yi fari yana tartsatsi, ya ƙone ke nan, sai jefarwa.

Na huɗu, wanda shi ne asirin aikin, ban ruwa. Bayan ya daidaita wuƙa da magagari, sai ya mayar da ita wuta a hankali har ta yi ja bai ɗaya daga tsini zuwa gindi. Wannan aiki ba ya yin sa a tsakar rana, sai cikin inuwar rumfa ko da marece, don hasken rana yana ɓoye launin ƙarfe. Da ta kai inda yake so, sai ya tsoma ta a miƙe. Sifirin mota a baƙin mai yake tsoma shi, ya ce ruwa yana yi masa kaifin sanyi, yakan fashe. Da ta fito sai ya goga mata magagari. In magagari ya zame bai ci ba, ta ɗauki tauri. Amma a lokacin nan kamar kwalba take, in ta faɗi ƙasa sai ta karye. Don haka yakan goge ta ta yi haske, ya ɗora bayanta bisa garwashi yana kallon launi na tafiya zuwa baki. Da bakin ya yi launin busasshen karan gero sai ya ɗauke ya sanyaya. In aka yi sakaci har bakin ya yi shuɗi kamar rinin baba, tauri ya tafi, sai a sake daga farko. Mun tambaye shi yadda yake gane lokacin. Ya yi dariya ya ce shekara nawa ya yi yana zuga wa mahaifinsa kafin a bar shi ya tsoma wuƙa ko ɗaya.

Bayan wannan sai ƙota. Da itacen aduwa ko ƙirya yake yi, wani lokaci da ƙaho. Ya huda, ya ɗumama wutsiya ya zura ta ta zauna daram. Kube kuma aikin baduku ne, ga shi wuƙa ɗaya ta ciyar da gida biyu.

Na ƙarshe washi, kuma a nan muke roƙon kowa ya buɗe kunne, don wannan kowane maigida zai iya koya. Dutsen washi biyu gare shi, mai kaushi da mai laushi, kullum da ruwa a gefe. Yana kwantar da wuƙa bisa dutse ya ɗan ɗaga bayanta kaɗan, ya riƙe ta a haka ba ya sauyawa, yana turawa daga gindi zuwa tsini. Yawancinmu a nan muke ɓatawa, hannu na rawa, yanzu a kwance yanzu a tsaye, sai baki ya zama kamar bayan tulu. Yana wasa gefe ɗaya har ya ji da yatsa wani siririn ƙarfe ya lanƙwaso ta ɗaya gefen. Wannan ita ce alamar dutse ya kai baki. Sai ya juya ya yi wa ɗaya gefen haka, ya koma dutse mai laushi da hannu sassauƙa, ya ƙarasa bisa fata kamar yadda wanzami ke yi wa aska. Gwaji kuwa, gashin hannu. Kuma kowane ƙarfe da irin bakinsa: aska siriri ƙwarai, wuƙar yanka tsaka-tsaki, adda da gatari da kauri don kada su ɓantare a ice. Wanda ya sara ƙashi da wuƙar yanka, kada ya zagi maƙeri.

Ƴan'uwa mazauna birni, ga gargaɗi. Injin washi na lantarki da kuke gani bakin kasuwa yana da sauri, amma in mai shi bai tsoma wuƙa a ruwa akai-akai ba, zafi na cinye ban ruwan da maƙeri ya sha wahala a kai. In ka karɓi wuƙarka ka ga bakinta ya yi shuɗi, an kashe ta. Sannan wuƙar maƙera tana tsatsa. In an gama aiki a wanke, a goge ta bushe, a shafa ɗan man gyaɗa, kada a mayar da ita kube da danshi.

Wani zai ce, to ai wuƙa ta cika kasuwa, mai araha. Gaskiya ne, kuma a cikin na waje akwai masu kyau, sai dai masu kyan ba su ne ke zuwa kasuwar ƙauye da arha ba. Ku tuna kuma da 1994, da aka karya darajar sefa, yadda kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. Ku tuna da 2019 da Najeriya ta rufe iyaka, da 2023 da aka sake rufewa. Duk lokacin nan rumfar Baba a buɗe take. Kuma in hauyarka ta karye ana tsakiyar noma, kantin birni ba zai ɗinke maka ita kafin azahar ba.

Yanzu sai mu faɗi laifinmu. Dā, in kaka ta yi, manomi yakan kai wa maƙeri damin hatsi saboda gyaran da ya yi masa duk damina. Wannan al'ada mun bar ta, ba mu kuma maye ta da kuɗi na kirki ba. Mutum ya dawo daga Legas da wayar salula mai tsada, ya tsaya yana ciniki da tsoho a kan dala ashirin. Wani ya ce sai ranar kasuwa, ranar kasuwa ba ta zo ba har yau. Yaron da ya tashi yana ganin haka, me zai zaunar da shi gaban wuta?

Ga abin da kwamiti ya kawo gabanku, ku duba, ku gyara:

1. Kowane ɗan ƙungiya da ke waje ya ba da jika ɗaya kafin damina. Da shi za a gyara rufin rumfa, a sayi injin zuga na juyawa da hannu, da dutsen washi na juyawa mai ruwa a ƙasa.

2. A samu samari biyu su zauna da Baba shekara biyu, ɗiyan gidan maƙera su ne kan gaba. In babu, Baba ya ce ya yarda ya koya wa duk yaron da iyayensa suka kawo da hannunsu. Ƙungiya za ta ɗauki abincinsu lokacin rani, don kada yunwa ta kore su cin rani.

3. Masu aiki a garejin mota da direbobi, da na Yamai da ke kusa da kasuwar Katako, duk mai zowa gida ya riƙo guntun sifiri ko tsohon magagari. Abin da ake yasarwa can, a nan wuƙa huɗu ne ko biyar.

4. Masu gona, a wajen sassabe, duk wanda ya iske tsiron ƙirya ya bar shi ya gyara shi, kamar yadda sassaben zamani ya mayar da itatuwa gonakin jihar Maraɗi tun shekarun 1980.

5. Duk mai bashin maƙera ya biya kafin sallar nan. Ba mu rubuta sunan kowa ba, kowa ya san kansa.

6. A kai wuƙaƙen Layya maƙera tun farkon wata, kada a jira jajibere.

Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Baba ya tsufa, idonsa ya soma rauni, kuma kun ji da kunnenku cewa aikin nan na ido ne. Ya gaya mana yana jin zai iya shekara biyu ko uku nan gaba, in Allah ya ba da rai. Abin da za mu yi, mu yi shi bana.

Masu nesa su aiko da amsa da gudummawa ta hannun wakilin garin da suke, za a karanta lissafi a taro na gaba. In mun yi kuskure a gaban manya, a yafe mana. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare na waje ya dawo da su lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Allah gafarta malam, a rufe mana da addu'a.